Amadari: yadda ake juya fatar ido da abin da ake ƙirgawa a ƙarƙashinta

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'aikatan ido. Wannan bidiyo na nas-nas ne da masu taimaka wa likita a ɗakin duba ido, musamman ku da ke aiki a garuruwanmu na Maiwurno, Sinnar, Damazin da Gadarif. Yau maganarmu a kan amadari ce, ciwon da wasu ke kira amosanin ido, a takardun asibiti kuma za ku ga an rubuta tarakoma ko ramad hubaibi.

[Hoto: yaro ɗan shekara huɗu a kan cinyar mahaifiyarsa]

Ku dubi yaron nan. Idonsa fari tas, ba ja, sai 'yar kwantsa a gefe. Uwarsa ma ba don ido ta zo da shi ba, tari ya kawo su. In kika haska masa tocila daga waje kika sallame shi, ba ki duba amadari ba tukuna, don ciwon a ƙarƙashin fatar ido ta sama yake ɓuya. Sai an juya ta.

Ƙwayar cutar sunanta Chlamydia trachomatis. Tana bin kwantsa da majina, daga yatsa zuwa yatsa, daga tawul ɗaya da gida duka ke amfani da shi, daga gefen mayafin da uwa ta share fuskar wa ta juya ta share ta ƙane. Sai ƙuda, wanda likitoci ke kira Musca sorbens, mai son idon yara, wanda ke yin ƙwai a bayan gidan mutum da aka bari a fili. Kamu ɗaya ba ya makantarwa, yakan warke da kansa. Maimaituwar kamu shekara da shekaru a ƙuruciya ita ke barin tabo, tabon kuma ya tattare fatar ido bayan mutum ya girma. Shi ya sa mata suka fi shan wahalarsa, don su ne kullum a jikin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce makantar amadari a mata takan kai ninki huɗu na ta maza.

[Hoto: tabarau mai ƙara girma da tocila a kan tebur]

Kayan aikin ba su da yawa. Tabarau mai ƙara girma ninki 2.5, tocila ko hasken rana mai kyau, da sinadarin goge hannu. Ki goge hannu tsakanin mutum da mutum, kowane lokaci. Ciwon da yatsa ke yaɗawa muke nema, abin kunya ne a ce yatsanmu ne ya kai shi gidan wani.

Kafin ki taɓa komai, fara duba gashin ido da baƙin ido, don da zarar kin juya fata gashin ya bar inda yake kwance. Ki ɗan ɗaga fatar sama da babban yatsa, ki leƙa daga gaba da kuma daga gefe. Fara da idon dama koyaushe, kada ki rikice wajen rubutu.

Yanzu juyawa. Ce wa mutum ya dubi ƙasa amma kada ya rufe ido. Babba sai ki ce, "Baba, dubi gwiwarka." Yaro kuwa a zaunar da shi a cinyar uwa, ta rungume hannayensa da hannu ɗaya, ɗayan ta dafe masa kai a ƙirjinta. Kama gashin idon sama da babban yatsa da manuni, ki ja ƙasa kaɗan, ki ja waje. Sa ƙaramin yatsan ɗaya hannun, ko tsinken auduga, a kan layin da fatar ke naɗewa, sai ki kifar da ita a kansa. Sababbin ma'aikata sukan danna kusa da gashi, a nan kuwa akwai tauri, fatar ba za ta juyu ba, yaro ya yi ta tsala kuka. Ki danna sama da wurin taurin.

Lafiyayyen ciki ruwan hoda ne, sumul, kina hango jijiyoyin jini a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Ki riƙe wannan hoton a kanki, da shi za ki auna saura.

Tun 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alamomi biyar da ake rubutawa da haruffa bibbiyu. Ta farko, TF, ita ce ta fi ba ma'aikata wahala. Za ki ga 'yan ƙuraje zagayayyu, farare ko ruwan toka ko rawaya-rawaya, sun fi naman da ke kewaye da su haske, kamar an watsa tsabar gero a ƙarƙashin fata. Sharaɗin shi ne su kai biyar ko fiye, kowanne faɗinsa ya kai rabin milimita, kuma a tsakiyar fatar da kika juya. Na kusurwa, wajen hanci ko wajen kunne, ba sa shiga lissafi, haka ma na can bakin naɗin, don lafiyayyun yara ma suna da su a nan. Huɗu ba biyar ba ne. Na san zuciya takan ce ai saura ƙiris, bari in rubuta. Kada ki rubuta. Da wannan ƙirge ake yanke hukuncin ko za a raba wa gunduma guda magani, in kowa ya ƙara ɗaya daga aljihunsa lissafin ya lalace. Masu binciken ƙauyuka har ɗan tambari mai ɗigo-ɗigo na rabin milimita suke mannawa a farcen babban yatsa, don su gwada girman ƙurjin a gefensa.

Abubuwa biyu kan yi shigar TF. Ƙaramin tabo yana da kusurwa da kaifi, ba zagayayye ba ne. Sai ƙaiƙayin ido na yara, ramad rabi'i, wanda ke sa cikin fata ya yi tudu-tudu masu faɗin kai kamar daɓen duwatsu, farin idon ya koma ruwan ƙasa, yaro yana ta murza. Wannan ba amadari ba ne, maganinsa daban.

TI ita ce kumburin da ya yi kauri da ja har ya rufe fiye da rabin jijiyoyin nan da muka ce a riƙe hotonsu. TS tabo ne, fararen layuka masu ƙyalli kamar zare.

[Hoto: dattijuwa tana kare fuska daga rana da mayafi]

Alama ta huɗu, TT, ita ce gira, Larabawa su ce sha'ara. Gashi ko da ɗaya ne daga fatar sama, in ya juya yana taɓa ƙwayar ido, ya isa. Haka kuma in akwai alamar an tsige gashin da ya juya kwanan nan. Wannan ɓangare na biyu ne ake yawan tsallakewa. Tsohuwa za ta zo ba gashi ko ɗaya da ke taɓa ido, don jikarta ta tsige mata jiya da hantsaki. Ki duba gurbin gashi, ki nemi karyayyu da masu tsirowa, sannan ki tambaye ta: "Inna, kina tsige gashin idon nan? Wa ke tsige miki?" Wata ma hantsakin yana ɗaure a gefen mayafinta.

Kowace ƙiftawa gashin nan yana kartar baƙin ido, har ya bar hakiya. Hakiyar da ta hau tsakiyar baƙin ido ita ce CO, alama ta biyar, kuma tiyatar fatar ido da ake yi wa mai TT ba ta goge ta. Ki faɗa wa Inna gaskiya tun kafin aiki: zafi da hawaye za su ragu, abin da ya rage na gani za a tsare shi, amma hakiyar da ta riga ta zauna tana nan. Wanda aka yi wa alkawarin gani bai samu ba, shi zai koma ƙauye ya hana mutum goma zuwa.

Aikin kansa ba babba ba ne. Allurar kashe zafi a fatar ido, a tsaga taurin, a juya bakin fatar waje a ɗinke. Nas da aka horar aka tantance yana yi, ba sai an je Khartum ba. A dawo washegari a cire bandeji, a sake dawowa cikin mako ɗaya zuwa biyu don zare, sannan bayan wata uku zuwa shida a duba ko gashin ya koma, don yakan koma wa wasu. Wanda ya ƙi aiki, gashinsa kuma kaɗan ne, a koya wa wani mai ido a gidan yadda zai tsige daga tushe da hantsaki mai tsafta. Almakashi kam a'a, yankakken gashi ya fi kaifi.

Maganin TF da TI azitromaisin ne, sha ɗaya, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, kada ya wuce giram ɗaya. A rabon gida-gida sandar awon tsayi ake amfani da ita maimakon sikeli. Jariri ƙasa da wata shida man ido na tetrasaikilin kashi 1 cikin ɗari ake sa masa, sau biyu a rana har mako shida. Mako shida ɗin nan ne matsalar, uwa mai zuwa gona ba kasafai take kaiwa ƙarshe ba, don haka ki nuna mata yadda ake sawa da hannunta, a gabanki. In kuma kin sami yaro ɗaya, ki ce a kawo 'yan ɗakinsu.

Binciken da aka yi a jihohin da a lokacin ake kira arewacin Sudan tsakanin 2006 da 2010 ya sami TF sama da kashi 10 cikin ɗari a yara 'yan shekara ɗaya zuwa tara a Gaisan da Kurmuk na jihar Nilu Shuɗi, da Gallabat ta Gabas a Gadarif. Abin da ake nema shi ne ya sauka ƙasa da kashi 5. Saudiyya, maƙwabciyarmu ta tsallaken Bahar Maliya, ta sami shaidar kawar da shi a 2022. Mu kuwa yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cusa iyalai a makarantu da sansanoni, ruwa ya zama na jarka, abin sha ma da ƙyar balle na wanke fuska. Saboda haka in za ki yi wa uwa maganar tsafta, kada ki ce ta yi wa yara wanka sau biyu. Ɗauki buta, ki tsiyaya ruwa kaɗan a tafin hannu, ki wanke wa yaron ido da hanci a gabanta, ta ga abin bai kai ruwan alwala ba.

A katin kuma ki rubuta kowane ido daban, dama da hagu, duk alamar da kika gani ki sa, don ido ɗaya yakan ɗauki TF da TI tare, na babba kuma TS da TT. Mai TT ki rubuta sunan ƙauyensa da na mai unguwarsu a littafin turawa, ranar da masu aiki suka iso a san ƙofar da za a buga.