GDB ya ce sigina ta iso, amma shirinka bai gan ta ba tukuna

Ku dubi wannan layin da ya fito a allo: Program received signal SIGUSR1, User defined signal 1. Duk wanda ya taɓa saka shirin C a cikin GDB, wato manhajar da ake bin diddigin shiri da ita don gano kurakurai, ya ga irinsa. Akwai kuma tambayar da masu rubuta gwaji kan yi: GDB ya ce shirina ya karɓi sigina, to me ya sa aikin da na rubuta don tarbarta bai gudana ba? Wasu har sun ɗora wa GDB laifi. Ba laifinsa ba ne. A daidai lokacin da wannan layi ya fito, siginar ba ta kai ga shirin ba tukuna, kuma gwajin da bai san haka ba zai yi ta ba ku sakamako mai kyau alhali bai gwada komai ba.

Mu wuce tushen da sauri. Sigina ɗan gajeren saƙo ne da kanel, wato zuciyar Linux, ke aika wa shiri mai gudana. Ka danna Ctrl-C, SIGINT ce, lamba 2. Ka taɓa ma'ajiyar da ba taka ba, SIGSEGV, lamba 11. Agogon alarm ya cika, SIGALRM, lamba 14. SIGUSR1 kuwa, lamba 10 a kan kwamfutoci masu ƙirar x86, an bar wa mai shiri ne ya yi yadda ya ga dama da ita, shi ya sa masu gwaji ke sonta. Shiri kan yi rajistar wani ɗan aiki ta hanyar sigaction, wanda zai tashi idan siginar ta shigo. Shi za mu riƙa kira mai tarba.

To, a nan za mu zauna.

Ku ɗauki gida mai zaure. Ɗan aike ya zo ya yi sallama, amma ba ya kutsawa ciki kai tsaye. Akwai wanda ke zaune a zaure, shi ne zai ji saƙon, shi ne kuma zai ce a shiga ko a koma. Mai gida yana can ciki bai san an zo ba. Haka GDB yake zama a zauren shirinka ta hanyar ptrace, wato kafar da kanel ke bai wa shiri don ya bibiyi wani shirin. Idan sigina ta taso, kanel na tsayar da shirin kafin ya miƙa ta, GDB ya ji labari ta waitpid, sai ya buga muku wancan layi. Siginar tana zaure. Mai tarba bai motsa ba, ko umarni ɗaya nasa bai gudana ba. Sai ka ce continue, wato a ci gaba, sannan GDB zai kira PTRACE_CONT, kuma a cikin kiran akwai gurbin lamba guda: ya saka 10, siginar ta shiga gida, ya saka sifili, an sallami ɗan aike, shirin ba zai taɓa sanin an zo ba. Hatta siginar da shirin da kansa ya ce a yi watsi da ita da SIG_IGN, sai ta tsaya a wannan zaure muddin ana bibiyar shirin. SIGKILL ce kawai ba ta sallama, ta katanga take shiga.

Ga shirin da za mu gwada, bai kai layi 20 ba. Ma'ajiya ɗaya mai suna kirga, nau'in volatile sig_atomic_t, don kada mai harhaɗa shiri ya yi mata dabara. Mai tarba yana ƙara mata ɗaya. A cikin main akwai sigaction, sai raise(SIGUSR1) da shirin ke aika wa kansa siginar da ita, sai layi na ƙarshe inda za mu kafa shingen tsayawa, wato breakpoint, wurin da GDB zai tsayar da shirin.

Gwaje-gwajen GDB suna tafiya ne a kan DejaGnu, wanda aka gina kan Expect da harshen Tcl. Kowane gwaji fayil ne mai ƙarewa da .exp, yana buga umarni kamar mutum, yana jiran ya ga rubutun da ya dace. Na sigina suna cikin gdb.base, ga wasu daga cikinsu: signals.exp, sigall.exp, sigstep.exp, siginfo.exp, sigrepeat.exp. Ana tayar da ɗaya da make check TESTS="gdb.base/signals.exp", taƙaitaccen sakamako ya faɗa gdb.sum, cikakkiyar hirar kuma gdb.log.

Yanzu ga gwajin da mutane da yawa ke rubutawa. Layi ɗaya: gdb_test, wato aikin da ke buga umarni ya duba amsa, ya buga continue, a jira Program received signal SIGUSR1. Ya ga rubutun, PASS. Madalla. To ku duba abin da zai faru idan muka sa handle SIGUSR1 nopass kafin a fara, wato muka ce wa GDB kada ya bari siginar ta shiga. Mun sake gudanarwa. Layin da ya fito iri ɗaya ne sak, harafi da harafi, kuma PASS. Gwajin da ba ya bambance siginar da ta shiga da wadda aka kora a ƙofa, me ya gwada ke nan? Ya tabbatar an yi sallama, shi ke nan.

Gwaji na gaskiya yana tambayar shirin ne sau biyu. Da zarar layin ya fito, print kirga, kuma dole amsa ta zama 0. Wannan sifilin shi ne shaidar cewa siginar tana zaure. Sannan continue zuwa shingen ƙarshe, a sake print kirga. Idan pass ne, 1. Idan nopass ne, 0. A ganina duba na farkon nan ya fi na biyu daraja, kuma shi ne aka fi mantawa da shi, domin shi kaɗai zai kama ranar da wani gyara ya sa siginar ta riga GDB shiga gida.

Akwai mataki na uku da ke nuna ko mutum ya fahimci abin. Bar saitin a kan pass. Continue, layin ya fito, shirin na tsaye. Yanzu, bayan an riga an ce an karɓa, buga handle SIGUSR1 nopass, sannan continue. Ku kalli kirga. Sifili. Ashe ba lokacin isowa ake yanke hukunci ba, lokacin sakin shirin ne, kuma saitin da ke aiki a wannan lokacin shi ne mai magana. Umarnin signal 0 ma haka yake yi, sai dai sau ɗaya kawai ba tare da taɓa saiti ba. Kana iya ma musanya ɗan aiken: signal SIGUSR2 zai aika wata siginar a madadin wadda ta zo.

Saitin handle guda uku ne: a tsaya ko kada a tsaya, a buga ko kada a buga, a miƙa ko kada a miƙa. Lissafi zai ce haɗi 8, amma 6 ne ke yiwuwa, domin stop yana jawo print, noprint kuma yana jawo nostop. A zagaya shidan nan da foreach_with_prefix, don kowane sakamako ya sami sunansa daban a gdb.sum, suna biyu iri ɗaya kan sa ka rasa wanne ne ya faɗi. A sake tayar da GDB da clean_restart a kowane zagaye, in ba haka ba saitin zagayen baya zai biyo ka. Wurin nostop noprint kuma a kula: abin da kake son tabbatarwa shi ne layin bai fito ba. Idan ka sa ɗigo da tauraro (.*), alamar da ke dacewa da kowane rubutu, a farkon abin da kake jira, zai haɗiye layin ko da ya fito. Yi amfani da gdb_test_multiple, ka ware reshe guda da zai kira fail da zarar ya ga Program received signal.

Wani ɗan tarko: kada ku saka sunan aikin da shirin ya tsaya a cikinsa a rubutun da kuke jira. A tsohuwar glibc, wato tarin ayyukan C da shirye-shiryen Linux ke dogaro da shi, za ku ga raise, daga glibc 2.34 ta 2021 kuwa __pthread_kill_implementation ne. Gwajin zai wuce a kwamfutarka, ya faɗi a ta abokin aikinka, a yi ta neman aljanin da babu shi.

Idan babu mai tarba fa? Cire sigaction, continue sau biyu. Na farko sallama, na biyu Program terminated with signal SIGUSR1. A nan ma mutuwar ba ta zo ba sai da aka buɗe ƙofa, kuma print $_exitsignal zai ba ka 10.

Taka-taka, wato bin shiri mataki-mataki, ita ma tana da nata hukunci. Shiri na tsaye saboda sigina, saiti na pass, ka buga stepi, mai taka umarni ɗaya tak: za ka tsinci kanka a cikin mai tarba, kuma bt, mai jera ayyukan da aka kira, zai nuna layin signal handler called a tsakanin sa da inda aka katse shirin. Amma idan siginar nostop ce kuma pass, ta faɗo kana tsakiyar step ko next, GDB zai bar mai tarba ya gama aikinsa a ɓoye ya dawo da kai layin da kake bi. Da ba haka ba, mai shirin da ke da agogo ba zai iya taka layi uku a jere ba. Shi ya sa ma SIGALRM da SIGCHLD da SIGWINCH suke zuwa a kan nostop noprint pass tun asali. sigrepeat.exp yana matsa wannan har ƙarshe: yana tara sigina a kai a kai don ya ga ko GDB zai iya ci gaba ko zai maƙale yana ta shiga mai tarba yana fita.

Ku lura mun yi amfani da raise, ba alarm da sleep ba. Da gangan ne. raise tana tayar da siginar a wuri ɗaya tak kowane lokaci. Agogon alarm kuwa ba ya jiran kowa: shirin na tsaye a shinge, Expect na karanta rubutu, shi yana ta tafiya. A kwamfuta mai sauri siginar ta zo bayan continue, a mai nauyin aiki ta riga ta iso tana jira, sai ka ga gwaji ya wuce yau ya faɗi gobe. Idan dole sai daga waje za a aiko ta, tsayar da shirin a shinge, aika kill -USR1, sannan continue. Za ta fito nan take. Kuma kada ka aika sau biyu kana jiran layi biyu. Sigina ta gama-gari ba ta yin layi, biyun za su narke su zama ɗaya, gwajin ya zauna jiran na biyun har lokacinsa ya ƙare. Masu yin layi su ne na SIGRTMIN zuwa sama, waɗanda a glibc suke farawa daga 34, GDB kuma yana kiran ta farkon SIG34.

Biyu ne ba a wasa da su. SIGTRAP kayan aikin GDB ne: shingen tsayawa a x86 baiti ɗaya ne, 0xCC, kuma da SIGTRAP yake sanar da kansa. SIGINT kuma da ita kake katse shiri. Su biyun suna kan nopass, handle all ba ya taɓa su, kuma idan ka ambaci ɗaya da suna GDB zai tambaye ka ko ka tabbata. Gwajin da bai shirya amsa wannan tambaya ba zai tsaya cak.

SIGSEGV kuwa tana da abin sha'awa. Kore ta da signal 0, ku gani. Ta dawo, a wuri ɗaya. Ba GDB ne ya ƙi jin magana ba. Umarnin da ya yi ɓarnar ne aka sake gudanarwa, ya sake taɓa adireshin, kanel ya sake aiko sabuwa. Gwaji mai kyau zai buga $_siginfo._sifields._sigfault.si_addr sau biyun ya tabbatar adireshin bai canza ba.

Kafin ku ce kun gama, ku gudanar da fayil ɗin ta hanyoyi biyu. Na farko make check-read1, wanda ke tilasta wa Expect karanta baiti ɗaya-ɗaya, ya fallasa duk abin jiran da ke kamawa da rabin rubutu. Na biyu da --target_board=native-gdbserver, inda GDB ke sarrafa shirin ta hannun wani ɗan shiri mai suna gdbserver. A can lambar da ke tafiya tsakanin GDB da gdbserver ba ta Linux ba ce, ta GDB ce, inda SIGUSR1 take 30, shi ya sa za ku ga T1e a saƙon gdbserver maimakon T0a (1e shi ne 30, 0a kuma 10, a lissafin hex). A Linux na kwamfutoci masu ƙirar MIPS kuma lambarta 16 ce. Don haka a rubuta suna a gwaji, kada a rubuta lamba, kuma a saman fayil a duba gdb,nosignals domin na'urorin gwajin da ba su san sigina ba su tsallake shi. Ga abin da namu ya bayar a kan gdbserver: sifili a zaure, ɗaya bayan continue, haɗi shida duka PASS.