Yini Ɗaya a Badagry

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya daɗe a Legas ya san wannan tambayar. Baƙo ya zo maka daga gida, ya kwana biyu a Agege ko Idi-Araba, ya gama sarin kayansa a Balogun, sai ya kalle ka ya ce, "To Yaya, ina za ka kai ni in ga gari?" Yawancinmu amsarmu ba ta wuce biyu: a bi da shi ta kan doguwar gada ya ga ruwa, ko a kai shi bakin teku a Lekki ya hau doki a ɗauke shi hoto. Ni ma haka na daɗe ina yi, har sai da ƙanena ya zo daga Kano, ya ce ya gaji da hawan doki a kan yashi, a sake shawara. Shi ne na kai shi Badagry, kuma can za mu yau.

Badagry ƙaramin gari ne a can ƙarshen jihar Legas ta yamma, dab da Seme, iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Masu zuwa Kwatano sun sha ratsa shi, sai dai kaɗan ne suka taɓa sauka. Titin da ya tashi daga cikin Legas zuwa can ya kai kimanin kilomita 60. In kana tsakiyar gari, sai ka nemi Mile 2 ka shiga mota. In daga Agege kake, ba sai ka sha wannan zagayen ba: bi ta Iyana Ipaja da Igando ka faɗo Iyana Iba, kusa da jami'ar LASU da Alaba Rago, daga nan ka miƙe ta Okokomaiko da Agbara. A yi sammako, ana idar da asuba a kama hanya, don cunkoson wannan titi ba ya jin Allah ya ba ka haƙuri. Kuma a sa katin shaida a aljihu. Hanyar iyaka ce, shingayen bincike ba sa yankewa.

Abu na farko da za ka lura da shi in ka sauka: shiru. Ba ihun kwandasta, ba hon ɗin danfo a kunnenka. Masu garin su ne Ogu, waɗanda ake ce wa Egun, harshensu daban ne da Yarbanci duk da suna jin sa, kuma sarautar sarkinsu Akran ake kiranta. Ka tari Keke ka ce a kai ka Marina, titin da ya bi gaɓar ruwa. Kusan duk abin da za ka gani yana nan kurkusa da juna, da ƙafa ma za ka zaga.

Wannan farin ginin da kuke gani, mai matakalar katako, shi ne ake ce wa bene na farko a Najeriya. Turawan mishan na CMS, wata ƙungiyar cocin Ingila, ne suka gina shi, aka kammala a 1845, kuma Samuel Ajayi Crowther, wanda ya yi aikin mayar da Baibul zuwa Yarbanci, ya zauna a ciki. Da mai zagayawa da mu ya ce "na farko a Najeriya", ƙanena bai bari ta faɗi ƙasa ba. Ya ce, "Malam, hasumiyar Gobarau fa ta Katsina? Da sorayen Kano da Zariya?" Gaskiyarsa. Magina a ƙasar Hausa sun ɗora ɗaki a kan ɗaki da tubali da azara tun kafin Bature ya aza harsashi a nan. Abin da za a ce shi ne, wannan ne benen farko irin ginin Turawa. Ku hau sama dai, katakon na ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ta taga kuma ana hango ruwa da kwale-kwale. Minti ashirin sun isa. Nan kusa akwai dogon ginshiƙi da aka kafa inda wata bishiya mai suna Agia take a da. A gindinta Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kiristanci a 1842, guguwa kuma ta kayar da ita a 1959. A tsaya a karanta allon, a wuce.

Inda nake so mu daɗe shi ne nan, gidan Seriki Williams Abass. Ku saurari sunan da kyau. Seriki, ai Sarki ne, kalmarmu ce Yarbawa suka ara, kuma sarautar da ya riƙe ita ce Seriki Musulumi, wato shugaban Musulmin garin. Bayarabe ne daga yankin Ilaro. Yana yaro aka kama shi aka sayar, ya zama bawan wani mai suna Abass, daga baya aka sayar da shi ga wani ɗan kasuwar Barazil mai suna Williams. Sunayen iyayengijinsa biyu ke nan ya haɗa ya zama nasa. Daga baya ya zauna a Badagry, ya yi arziki, kuma sana'ar da ya yi arzikin da ita ita ce wadda aka yi da shi: saye da sayar da mutane. Ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan, zuriyarsa kuma har yau suna zaune a ciki. Za ka ga shanya a igiya, yara na wasa a tsakar gida, ga kuma ɗakunan bayi a gefe.

Ɗakuna 40 ne aka gina don tsare bayi kafin jirgi ya iso. Ga ɗaya nan da aka bari yadda yake. Ku dubi girmansa, bai kai shagon mai shayi ba. Ku dubi tagar can sama, 'yar kafa ce da hannu kawai zai shiga. Masu zagayawa da baƙi na cewa mutum 40 ake cusawa a ciki. Mu biyar muka shiga, aka ja ƙofa, kafin a ƙirga talatin gumi ya keto mana, ƙanena ya ce a buɗe. A wani ɗakin kuma an ajiye kayan da ake musaya da su: tangaran, kwalabe, da wata ƙatuwar laima da suka ce mutum 40 aka bayar a kanta. Laima. Irin wadda ake riƙa wa sarki a hawan Sallah.

Daga nan sai gidan tarihin iyalan Mobee, ɗan ƙaramin ɗaki cike da ƙarfe. Akwai mari na ƙafa, akwai sarƙar wuya, har da ƙanana da aka ƙera daidai yara. Za a ba ka ka ɗaga. Na karɓi ta wuyan da hannu biyu, ga sanyi ga tsatsa, nauyinta ya ja kafaɗuna ƙasa, warin ƙarfen ya bi tafin hannuna har yamma. Wasu baƙi kan rataya ta a wuya su yi hoto suna dariya. Ni dai ban ga abin dariya a ciki ba, kuma ina roƙon wanda ya je ya kama kansa. In da sauran lokaci, babban gidan tarihin garin ma na kan wannan titi, a tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863. Can ne aka jera labarin daki-daki da hotuna, ya fi dacewa da ɗalibai.

To, wani zai ce, mu Hausawa mene ne namu a ciki? Ai labarin mutanen bakin teku ne da Turawa. A'a, da mu a ciki dumu-dumu. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, an kama mutanen Arewa da yawa, aka yi ta miƙa su hannu zuwa hannu har tashoshin wannan gaɓa, irin su Ouidah, Porto-Novo, Badagry da Legas. Akasarinsu Bahia aka kai su, a ƙasar Barazil. Can ɗin ma ba su kwanta ba. Hausawa ne suka ƙulla yunƙurin tawaye na 1807, aka kuma sake jin su a 1809 da 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi da 'yantattu suka yi babban bore a birnin Salvador. Yarbawa ne suka fi yawa a wannan karon, amma da Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda aka kashe an samu layu da rubutun Larabci. Mutum ya yi karatun allo a Katsina ko Zazzau, ya ƙare yana saran rake a wata duniya, bai manta Fatiha ba. Kuma kada mu ɗora wa Bature da mutanen kudu laifin duka. Wani ne ya kamo su a can gida, wani ya saya a kasuwa ya koro su kudu. A Arewa ma sai 1936 doka ta soke bauta baki ɗaya.

Akwai kuma wanda ya bi hanyar a juye. A ƙarshen 1825 wani Bature mai yawon binciken ƙasa, Clapperton, ya sauka a Badagry, ya nausa ta ƙasar Oyo da Bussa da Kano har Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can kuma ajali ya riske shi a 1827. Tafintansa Bagobiri ne, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi ma an taɓa sayar da shi, har an ɗora shi a jirgin bayi, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin suka 'yanta shi. Yaron Clapperton, Richard Lander, da ya dawo Badagry bayan rasuwar maigidansa, fataken bayi na Fotugal suka kai sukarsa wai ɗan leƙen asiri ne. Aka ba shi guba ya sha don a gane gaskiyarsa. Ya shanye, ya koma masauki ya amayar, ya rayu. A 1830 ya sake sauka a wannan gari tare da ɗan'uwansa, suka je Bussa suka bi Kwara har inda ta faɗa teku. Ke nan titin da kake takawa a Marina bakin wata tsohuwar hanya ce da ɗaya bakinta ke Sakkwato.

Yanzu sai mu haye. A yi sallar azahar a gari tukuna, masallatai na nan, a sayi ruwan sha, don a tsallake ba ka da tabbacin samun komai. Ruwan da ke gaban Marina ba teku ba ne, wani dogon ruwa ne kwantacce da ya raba gari da tsibirin Gberefu. Jirgin kwale-kwale mai inji zai tsallakar da kai cikin 'yan mintuna. A yi ciniki kafin a shiga, a tabbatar kuɗin na zuwa da dawowa ne, kuma kada kowa ya zauna sai an ba shi rigar kariya ya ɗaura. Mu 'yan tudu ne, ba abin kunya ba ne.

Daga inda jirgi ya ajiye ka, tafiyar ƙafa ce a kan yashi, tsakanin bishiyoyin kwakwa, ita ce hanyar da aka bi da bayi zuwa teku. Kada a zo da takalmi mai tsini ko sabon sau-ciki, yashin na cinye ƙafa, ranar kuma ba ta wasa. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya. Abin da ake faɗa shi ne an yi mata asiri, ana tilasta wa bayi su sha don su manta gida da hanyar komawa. Ko asirin ya ci ko bai ci ba, waɗanda suka yi bore a Bahia dai da alama ba su manta komai ba. Kana ci gaba za ka fara jin rugugi kafin ka ga ruwan. Sai bishiyoyi su ƙare, teku ta buɗe, ba tsibiri ba gaɓa, sai igiyar ruwa na dukan yashi. Nan ne ake kira inda ba a dawowa. Ƙanena mai surutu, wanda tun Iyana Iba bakinsa bai huta ba, ya tsaya ya yi shiru, can ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Gargaɗi ɗaya: kada a shiga ruwan nan da sunan wanka. Igiyarsa na ja.

In an dawo gari yunwa ta taso, a nufi kasuwar Agbalata. Badagry garin kwakwa ne da kifi. A sa mai kwakwa ya sare maka ɗanya da adda, sara uku ya buɗe kanta, ka shanye ruwan, ya tsaga ta biyu ya yanko maka ɗan ɓawo ka kwashi laushin da shi kamar cokali. Tsaraba kuwa ga man kwakwa, ga garin rogo, ga kifi banda, ga tabarmi saƙar hannu. Akwai 'yan uwanmu a kasuwar, masu albasa da masu nama, ka yi sallama za su nuna maka inda za ka ci abinci hankali kwance. Mai son ya kwana, akwai Whispering Palms a Iworo, akwai kuma bakin tekun Suntan a hanyar Seme ga wanda har yanzu dokin nan yake so. Wanda ya zo a watan Agusta zai iya dacewa da bikin garin, ya ga manyan gangunan Sato da suka fi mutum tsayi, da dodon Zangbeto mai kama da bukkar ciyawa yana juyi a fili.

Mu dai ba mu kwana ba. Ana kiran la'asar muka yi salla muka nemi mota, don duk wanda ya bari magariba ta same shi bai wuce Agbara ba, sai dai ya yi isha'i a Okokomaiko. Ƙanena ya rungumo tabarma biyu da galan ɗin man kwakwa, wai na Hajiya ne, kwandasta kuma ya ce sai ya biya wa tabarmin kuɗin kujera.