Shirin Dogon Hutu da 'Yan Sanda: Satifiket Ɗin Ba Takardar Ɗaukar Aiki Ba Ce

[Hoto: Kwangila, a Zariya, da safe bayan an ɗauke ruwan sama. Keke Napep na wucewa, yara biyu na rungume da ƙwallo.]

Assalamu alaikum. In kana cikin zauren WhatsApp na unguwa, ko na dangi, ko na tsofaffin ɗalibai, da wuya a ce saƙon nan bai faɗo wayarka ba. Wai a kai yara shirin dogon hutu na 'yan sanda, duk wanda ya kammala za a ba shi satifiket, da satifiket ɗin nan kuma za a ɗauke shi aikin ɗan sanda kai tsaye. A ƙasan saƙon ga lambar asusun banki, ga gargaɗin cewa gurabe sun kusa cika. Guraben nan dai tun bara suke kusan cika, har yau ba su cika ba.

Mutum uku suka turo mini shi cikin mako guda. Ta ukun gwaggona ce, ta haɗo da saƙon murya: "Ɗan nan, duba mini wannan abin, ko in tura ƙaninka? Na ɗauki adashe jiya." Kalmar adashen nan ce ta sa muka saɓi kyamara.

[Hoto: ƙofar makaranta a garƙame. Ciyawa ta fara cin filin wasa.]

Mu yi sauri a nan, don kowa ya san wannan. Daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba makarantun boko a rufe suke, ga damina ta kankama. Wanda gidansu ke da gona a wajen Giwa ko Soba ya riga ya san inda zai yini. Wani lasin, wani Islamiyya safe da yamma, wani shagon ɗinkin babbar riga a cikin birni, wani garejin kanikanci, wani gyaran waya a unguwar PZ.

[Hoto: dakali a bakin layi, samari a zaune, an ɓoye fuskokinsu.]

Sai kuma wanda ba shi da ko ɗaya. Shi ne ke hana uwa barci. A irin wannan zaman ne yaro ke fara ɗanɗana abin da bai kamata ba. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, amma wanda ke cikin unguwa ya san ba a nan maganar ƙwaya ta tsaya ba. Daga nan sai ƙwacen waya, sai sara-suka.

To wannan giɓin ne makarantu da ƙungiyoyin unguwa da masallatai da coci-coci ke ƙoƙarin cikewa. A haɗa gasar ƙwallo, a koyar da kwamfuta, 'yan agaji da 'yan sikawut su yi fareti, sannan a ware rana ɗaya a gayyato ɗan sanda ko jami'in NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya yi wa yara magana. Su ma 'yan sandan suna da nasu hanyoyin shiga jama'a. Akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, tun 1984. Akwai POCACOV, shirin rundunar mai zagaya makarantu yana wa'azi kan ƙungiyoyin asiri da shaye-shaye. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1943, ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma ƙarara. Saboda haka in ka ga mai kaki a tsakiyar yara riƙe da lasifika, ba wani abin mamaki ba ne, aikinsa yake yi.

[Hoto: taswira, daga Zariya zuwa Amurka.]

Ba mu muka fara ba. A birnin New York 'yan sanda na haɗa wa yara wasanni tun 1914. A Chicago kuma an yi wani gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2014: an ba matasan unguwannin da rikici ya yi yawa aikin hutu na mako 8, ana biyansu. Cikin wata 16 da suka biyo baya, kama su kan laifin tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin ɗari in aka kwatanta da 'yan uwansu da ba su samu aikin ba. Ku lura, aiki aka ba su, da ɗan abin sawa a aljihu. Ni a ganina, zaunar da yaro ƙarƙashin rumfa awa uku yana sauraron jawabi, a sallame shi da ruwan leda, ba zai yi wannan tasirin ba. Amma wannan maganar wata rana ce.

[Hoto: satifiket a kan tabarma, kyamara na matsowa a hankali.]

Yanzu mu tsaya a nan, mu daɗe, don nan ne ake cin kuɗin mutane.

Ga takardar. Tana da kyau, ba laifi. Ga zanen ado a gefe, ga sunan yaro da manyan baƙaƙe, wataƙila ma har da sa hannun babban baƙo. Me take cewa? Cewa take yi wane ɗan wane ya halarci taro kaza. Shi ke nan abin da ta ce. A sa ta a firam a rataye a falo, Inna ta nuna wa baƙi. Amma ko Baturen 'yan sanda ne da kansa ya miƙa wa yaron, aka ɗauki hoto suna musabaha, takardar nan ba ta buɗe ƙofar kwalejin horas da 'yan sanda. Shi kansa Baturen 'yan sandan ba shi da ikon ɗaukar ko mutum ɗaya aiki. Kwamishina ma haka.

To wa ke ɗauka? Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, PSC, da ke Abuja. An yi shekaru ana ja-in-ja tsakaninta da ofishin Sufeto Janar kan wa ke da hurumin ɗaukar kurata, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Yulin 2023, ta ce na hukumar ne. Ku duba fa: Sufeto Janar guda, sai da aka je kotu kan ikonsa a wannan magana. Sai wani mai lambar waya ɗaya da asusun banki ne zai ce yana da gurbi a aljihu?

[Rubutu a allo, layi-layi, yana bin murya.]

In an buɗe ɗaukar kurata, ana sanarwa a rediyo da jaridu, a cike fom a shafin intanet na hukuma. Mai nema ya kasance tsakanin shekara 18 da 25. Ya zo da kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama bai wuce 2 ba. Ya mallaki lambar NIN. Tsawo, namiji mita 1.67, mace 1.64. Bayan nan a tantance takardu da jiki, a yi jarrabawa ta kwamfuta, likita ya duba lafiya, kafin a tura mutum horo a wuri irin kwalejin 'yan sanda ta Kaduna. Wanda ke son shiga a matsayin hafsa kuma, hanyarsa makarantar 'yan sanda ta Wudil ce a jihar Kano, ita ma sai ta JAMB.

Ku sake duba allon nan. Ina layin da aka rubuta satifiket ɗin dogon hutu? Babu. Ina layin kuɗi? Babu, fom ɗin ɗaukar kurata kyauta ne, kuma duk sanarwar da aka fitar sai an nanata haka.

Sai maganar shekaru, wadda ita kaɗai ta isa ta tona asirin saƙon. Yawancin yaran da ake kaiwa shirin hutu 'yan 12 ne zuwa 16. A dokar kare haƙƙin yara, wanda bai kai 18 ba yaro ne. Wace hukuma ce za ta yi wa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare alkawarin albashi?

[Hoto: titin da ya bi ta gaban barikin soja, daga nesa.]

Abin da ke ba ni mamaki, mu Zazzagawa ya kamata a ce mun fi kowa wayewa a nan. Depot, inda ake horas da kuratan soja, na garin nan tun 1924, makarantar sakandaren soja ta NMS tun 1954. Mun tashi muna ganin kurata da ƙwalƙwal ɗin kai suna gudu da asuba suna waƙa. Mun san kaki ba ya samuwa a zaune ƙarƙashin rumfa. Amma rashin aiki ya kai inda ya kai, uwa in ta ji an ce ga hanya, ba ta tsayawa tambaya. Ɗan damfara kuwa wannan wurin yake nema.

Akwai wani ruɗanin kuma. Wani zai ce, ai ga wane a unguwarmu, bai je Wudil ba, bai yi wata jarrabawa ba, ga shi da kaki. Duba kakin da kyau. A 2020 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 13.3 don fara tsarin tsaron al'umma, aka ɗauki 'yan sandan sa-kai daga cikin unguwanni. Aikin sa-kai ne, na manya masu sana'arsu, ba albashin ɗan sanda a ciki. Ko kuma ɗan KADVS ka gani, rundunar sintiri ta jihar Kaduna, wadda aka ƙara wa mutum 7,000 a 2023. Wannan ta jiha ce, da nata tsarin ɗauka. Ko kuma 'yan sintirin unguwa ne da jama'a ke haɗa wa kuɗin batir da shayi. Duk cikinsu babu wanda ya shiga da takardar shirin hutu.

[Hoto: hannu yana miƙa rasit.]

Kar kuma a fahimce ni a baibai, a je a rufe malaman lasin da duka. Mai shirya taro na iya cewa a kawo kuɗin abinci, ko na riga, ko na motar da za ta kai yara yawon buɗe ido. Wannan daban. Ya faɗi abin da za a yi da kuɗin, ya ba ka rasit, kana ganin wurin da idonka, ka san gidansu. Kuɗin da za ka guda shi ne wanda aka ce na gurbi ne, ko na sa suna a jerin Abuja, ko na "oga". Kana jin ɗaya daga cikin ukun nan, mayar da wayarka aljihu.

In kana shakka, tafi wajen mai unguwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, an san da wannan taron?" Ko ka taka zuwa caji ofis mafi kusa ka tambaya ko da saninsu ake amfani da sunansu. Tambaya ba laifi ba ce, ba wanda zai rufe ka don ka yi ta.

[Babu sabon hoto. Kyamara a kan mai magana.]

Nan hotunanmu suka ƙare, sai ku yi haƙuri da fuskata na ɗan lokaci.

Wani zai ce, to in babu aiki a ciki, me zai kai ɗana? Bari in ba ku abin da na gani. Na taɓa zama a bayan aji a irin wannan taro, ruwa na dukan kwano har ba a jin magana sosai. Jami'in ya gama jawabinsa ya ce a yi tambaya. Shiru. Can wani ɗan siriri, rigarsa ta yi masa yawa, ya ɗaga hannu rabi-rabi. Ya ce, "Yallaɓai, in an zo kama yayana ba a same shi ba, za a iya tafiya da babanmu?" Ajin ya fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba, kana ganin idonsa ka san ba tatsuniya yake ba.

Jami'in ya ce masa a'a, doka ta hana a kama wani a madadin wani. Gaskiya ya faɗa, haka yake a dokar 2020. Haka kuma ta hana a kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare gaban alƙali cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Mace na iya tsaya wa mutum a beli. Belin kuma kyauta ne. Na san abin da kuke cewa a ranku yanzu, ni ma na san tsakanin rubutun da ke jikin bango da abin da ke faruwa a kantar caji ofis akwai 'yar tafiya. Amma yaron da ya ji wannan daga bakin mai kaki, ya san akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar da aka buɗe tun 2015, ya haddace lambar gaggawa ta 112, ba daidai yake da wanda in ya hango motar sintiri sai ya zura da gudu ba tare da ya yi komai ba. Gudun nan shi ke jawo wa yara da yawa abin da ba su ji ba ba su gani ba.

[Hoto: filin ƙwallo da yamma, wani jami'i ya naɗe ƙafar wando yana tsaron gida. An zura masa ƙwallo, yara na ihu.]

Ku bar wannan hoton ya ɗan tsaya. Yallaɓai, Allah ya ba da haƙuri, mun ɗauka.

[Hoto: shagon gyaran waya, hannun yaro riƙe da ƙaramin sukurdireba.]

Na kira Gwaggo da daddare. Na ce, "Gwaggo, kar ki tura ko sisi." Ta ce, "To kakin fa? Yaron nan ya ƙwallafa rai." Na ce shekararsa 15, saura 3 kafin ma a kalli takardarsa, kuma a sakamakon zangon da ya wuce Lissafinsa ja ne. Ta yi shiru, sannan ta ce wa zai koya masa. Yanzu da safe yana wannan shagon da kuke gani, bayan la'asar yana wajen wani ɗalibin ABU da ke layinsu suna fama da Lissafi. Kuɗin adashen kuwa, ta ce buhun masara za ta saya in kaka ta yi.