A Wittenberg, garin da Luther ya sauya koyarwa

Salama a gare ku 'yan'uwa, barkanku da war haka. Yau ina Wittenberg, wani ƙaramin gari a gabashin Jamus, a bakin kogin Elbe. Ƙofar tagullar nan da ke bayana ta majami'ar fada ce, wurin da ake cewa Martin Luther, malamin da ya fara gyaran da ya haifi cocin Lutheran, ya manna batutuwansa 95 na sukar sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi ranar 31 ga Oktoba, 1517. Ta asalin ta katako ce, ta ƙone a yaƙin 1760, sai a 1858 aka sa wannan.

Ni ɗan cocin Lutheran ne, a Adamawa na tashi, kuma tambayar da ta kawo ni nan ta daɗe tana ci mini rai. In gaskiya ɗaya ce, me ke sa malaman Kirista sauya ra'ayi? In sun sauya kuma, ta yaya za mu gane wanda ke kan hanya?

Luther ɗan Katolika ne, ya shiga gidan zuhudu a Erfurt a 1505. Ya yi azumi, ya yi addu'a, ya yi ta furta zunubansa, amma hankalinsa bai kwanta ba. Yana cikin koyar da Littafi Mai Tsarki a jami'ar garin nan ne Romawa 1:17 ta kama shi, inda aka ce mai adalci zai rayu ta wurin bangaskiya. Ga kuma wani mai wa'azin Katolika, Johann Tetzel, yana yawo da takardun sassauta hukuncin zunubi, talakawa na saye da ɗan abin hannunsu, wani kaso na kuɗin na tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma. Nassi da lamiri, su suka tura shi. A Worms a 1521, gaban Sarki Charles na biyar, ya ƙi janye maganarsa sai dai in an nuna masa kuskurensa daga Nassi ko da hujja bayyananna. Ransa ya sa a kai. Mutumin da sauyinsa ya jawo masa hasara, ina tsayawa in saurare shi da kyau.

Akwai kuma masu sauyawa don mulki ko dukiya. Sarki Henry na takwas ya raba cocin Ingila da Paparoma a 1534 saboda rikicin aurensa, wasu sarakunan Jamus kuwa filayen coci sun shiga hannunsu da suka bi Luther. Don haka in fasto ya zo da sabuwar koyarwa, ku fara duba aljihun wa za ta cika.

Amma kada mu ruɗi kanmu cewa da an buɗe Littafi magana ta ƙare. A 1529 Luther da Zwingli, jagoran gyaran coci a Switzerland, suka zauna a Marburg, kowa da Nassi a hannu. Sun yarda a kan batutuwa 14 cikin 15, suka rabu a kan Jibin Ubangiji: jikin Almasihu yana cikin gurasar da gaske, ko alama ce? Sai a 1973, a Leuenberg, magadansu a Turai suka amince su ci jibi tare. A 1999 kuma, a Augsburg, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya, wadda babban bishop ɗinmu Musa Filibus ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023, suka sa hannu cewa ceto ta wurin alherin Allah ne. Abin da na ɗauka a nan shi ne, mutum ɗaya a ɗakinsa ba ya yanke koyarwa. Mutanen Biriya da ke cikin Ayyukan Manzanni tare suke bin Nassi kowace rana, manzanni ma da gardamar kaciya ta tashi taro suka yi a Urushalima.

Yanzu ku biyo ni majami'ar gari, inda Luther ya yi ta wa'azi. Ku ɗaga kai. Wancan sassaƙen dutse na cin mutuncin Yahudawa ne, tun kafin zamaninsa yake nan, an kuma sa allon tuba a ƙasansa a 1988. Wurin nan yana da nauyi a gare ni. A 1523 Luther ya rubuta cewa a bi da Yahudawa da kirki, domin Yesu ma Bayahude ne. A 1543 shi ɗin dai ya rubuta a ƙone majami'unsu, har yana kawo ayoyi. 'Yan Nazi sun ɗauki rubutun nan sun yi aiki da shi.

Wannan ma sauyi ne, daga bakin mutumin da cocina ke amsa sunansa. Yesu ya ce da 'ya'yansu za ku san su. Koyarwar da ta haifi ƙiyayyar maƙwabci ta faɗi, ko ayoyi nawa aka jera mata. Tarayyar Lutheran ta fito fili ta yi tir da rubutun 1543, ni ma a tsaye nake a kan haka, kuma da awon da shi Luther ya nema a Worms na auna shi.