Yadda Ake Nemo Tsofaffin Fassarorin Zabura na Jamusanci

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau darasin na masu neman Zabura ne da tsohon Jamusanci. Kafin ka taɓa kwamfuta, ka fara tambayar kanka: karantawa zan yi ko rerawa? Domin littattafan iri biyu ne, kuma wanda ya cuɗa su zai kwana yana lalube.

Bari mu fara da na karatu. Fassara Zabura da Jamusanci ta girmi Martin Luther, malamin cocin nan na Jamus da ya fassara Littafi Mai Tsarki, nesa ba kusa ba. Akwai wani malami mai suna Notker a gidan ibada na St. Gallen, a ƙasar Suwizalan ta yau, wanda ya rasu a 1022, ya fassara ta daga Latin. Amma in gaya muku gaskiya, Jamusancinsa ko Bajamushen yau sai da ƙamus. Ku bar wa masu bincike wannan. Abin da yawancinku ke nema shi ne na Luther, wanda ya fito a 1524, ya sake zama da abokan aikinsa suka yi masa gyaran gaske a 1531, sannan bugun ƙarshe na cikakken Littafi Mai Tsarki da aka yi yana raye, na 1545. In don ka karanta ka fahimta ne kawai, nemi gyararren bugun 1912. Kyauta yake a intanet, kuma an rubuta kalmomin yadda idonka zai gane.

To ga shi na buɗo hoton wani tsohon bugu, ku matso ku gani. Zabura 23 ce, wadda mu muke cewa "Ubangiji makiyayina ne". Kun ga haruffan nan masu ƙahonni da lanƙwashe-lanƙwashe? Dangin rubutun da ake kira Fraktur ke nan. Dubi kalma ta uku. Za ka rantse "ift" aka rubuta. A'a, "ist" ce. Wannan dogon harafin "s" ne, bambancinsa da "f" ɗan layin da ke ratsa tsakiya: na "f" ya ratsa, na "s" in ma akwai shi ɗan tsini ne a hagu. Ni kaina na yi kusan mako ina karanta shi "f" kafin wani ya tausaya mini. Da zarar ido ya saba da wannan, rabin wahala ta wuce.

Yanzu na rerawa, nan ne hirar take da daɗi. Waɗannan ba fassarar kalma da kalma ba ce, an mayar da kowace zabura waƙa mai baiti da amsa-amo. Luther ya yi kaɗan, irin ta Zabura 130 da ta 46, amma bai yi duka 150 ba. Wanda ya shahara da cikakkiya shi ne Ambrosius Lobwasser, malamin shari'a a Königsberg. Littafinsa ya fito a Leipzig a 1573. Dabararsa ita ce: ya ɗauko Zaburar rerawa ta Faransanci ta birnin Jeneba na Suwizalan, wadda aka kammala a 1562, ya zuba Jamusanci a cikin kowane ɗango da adadin gaɓoɓi daidai da na asali. Saboda haka karin waƙar bai canja ba. Amfanin wannan gare ka, ko da hoton shafin ya dushe ba ka ganin alamomin murya, ka nemi karin Jeneba na wannan lambar, zai hau daram.

Abin dariyar, Lobwasser ɗan ɗariƙar Luther ne, amma mabiya Kalvin, jagoran wata ɗariƙar dabam a Jeneba, ne suka rungumi littafinsa. Wannan ya sosa ran wani malamin coci a Leipzig, Cornelius Becker, ya fitar da tasa a 1602 a kan karin da 'yan Luther suka saba da shi. Daga baya mai tsara kiɗa Heinrich Schütz ya yi mata sababbin kari na murya huɗu a 1628, ya faɗaɗa a 1661. In kana da ƙungiyar mawaƙan coci, a ganina daga nan ya kamata ku fara, gajeru ne, ba sa wahalar da maƙogwaro. 'Yan Katolika kuwa ta Kaspar Ulenberg ce tasu, 1582.

Tsaya, a kan Ulenberg akwai tarko. Tsofaffin littattafan Katolika lissafin Latin suke bi, saboda haka yawancin lambobin sun yi ƙasa da ɗaya. Kana neman 23, duba 22. Kana neman 130, duba 129. Kada ka ce littafin ne ya yi kuskure.

Saura inda za a same su. Akwai kundin sunayen littattafan da aka buga a ƙasashen Jamusanci, VD16 na ƙarni na 16, VD17 na ƙarni na 17. Rubuta sunan mai littafin, zai jero maka bugu-bugu, kuma da dama akwai mahaɗi zuwa hoton shafukan. Babban ɗakin karatu na jihar Bavariya da ke Munik ya ɗora dubban tsofaffin littattafai, kana iya sauke su. Ga shafin intanet na e-rara na Suwizalan, ga Internet Archive da Google Books. Rubutun waƙa na Schütz kuwa, duba shafukan intanet na IMSLP ko CPDL masu tara rubutun kiɗa, inda za ka tarar da wanda aka sake bugawa da alamomin zamani.

In ka rubuta ba abin da ya fito, kada ka yi fushi, mutanen wancan zamani ba su da tsayayyar ƙa'idar rubutu. Gwada "Psalter", gwada "Psalmen Davids", sannan ka mayar da "v" ɗin "u", wato "Dauids". Kalmar "deutsch" ma za ka gan ta "deudsch" ko "teutsch". Bari in gwada a gabanku: Lobwasser, Psalter, 1573. Ga su nan sun fito. Na farkon zan danna, mu je shafin Zabura 42 mu ji yadda karin yake.