Yamai zuwa Jidda: awa nawa ne a sararin sama?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Idan lokacin aikin Hajji ya ƙarato, wanda zai tafi da waɗanda za su raka shi filin jirgin Diori Hamani duk tambayarsu guda ce: yaushe za a sauka?

Tsakanin Yamai da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kusan kilomita 4,000 idan an miƙe kai tsaye. Wanda ya saba shiga mota daga Tawa zuwa Yamai, ta Konni da Dogondutsi da Doso, ya ninka wannan hanyar sau bakwai. Jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin kimanin kilomita 850 a awa guda. A haɗa da tashi da sauka, za a samu awa biyar zuwa biyar da rabi.

To amma miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa Cadi, ta ratsa Sudan, sannan ta ƙetare Bahar Maliya. Ita ce kakanninmu suka bi a ƙafa da kan raƙumi, wasu sai sun shekara kafin su ga Makka. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, jirage da dama suna kauce wa sararin samaniyar ƙasar, kuma kewayen nan yana ƙara lokaci da kuɗin mai. Iskar can sama ma tana iya tura jirgi ko ta riƙe shi.

Ga inda nake so a natsu, domin nan ne hankalin iyalai ke tashi. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa biyu, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake ciki ne. A ce jirgi ya tashi Yamai ƙarfe 10 na dare, ya yi awa biyar da rabi. A Yamai ƙarfe 3:30 ke nan, a Jidda kuwa 5:30 na asuba. Mai duba takarda sai ya ga kamar awa bakwai da rabi aka yi. A dawowa sai lissafin ya juye, tafiyar ta zama kamar awa uku da rabi.

Masu zuwa Umara da jirgin da ke yada zango, misali a Istanbul, su kam nasu daban ne. Yamai zuwa Istanbul kaɗai ya kai kusan nisan Yamai zuwa Jidda, sannan a ƙara wajen kilomita 2,400 daga Istanbul zuwa Jidda, ban da zaman jira a filin jirgi.

Don haka idan kuna raka Baba ko Inna, ku sa maganinsu da abin taɓawa cikin jakar hannu, ku nuna musu yadda za su gyara agogo. Idan waya ba ta shigo da wuri ba, ku tuna akwai layin duba fasfo da jiran kaya kafin su samu sukunin kira.