Ido ne ke fara jefa ƙuri'a

Toh assalamu alaikum. Abubuwa uku za mu taɓa yau a kan halin ɗan Adam a siyasa, na baya kuna jina dai ko?

Na farko ido. A 2005 wani malami a jami'ar Princeton ta Amurka, Alexander Todorov, ya riƙa nuna wa mutane hotunan 'yan takarar sanata, daƙiƙa ɗaya tak, su nuna wanda ya fi kama da mai cancanta. Ba suna, ba jam'iyya. Kusan kashi 70 cikin ɗari wanda suka nuna ɗin shi ya ci zaɓen. Daƙiƙa ɗaya fa jama'a! To idon da bai taɓa ganin mace a kujerar mulki ba, me zai ce in ya ga fastarta?

Shi ya sa nake son maganar Indiya, wallahi ba na gajiya da ita. A 1993 suka gyara tsarin mulki aka ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka har da shugabancin, karɓa-karɓa ake yi, wannan zango a ware wa mace shugabancin waɗannan ƙauyuka, wani zangon na wasu. Esther Duflo, masaniyar tattalin arziki wadda ta ci kyautar Nobel a 2019, ita da abokan aikinta suka bi ƙauyukan jihar Bengal ta Yamma suna kunna wa mutane jawabi guda, kalma ɗaya ba a canza ba, wani ya ji da muryar namiji wani da ta mace. Inda mace ba ta taɓa shugabanci ba, maza sai su rage wa muryar macen maki. Jawabi guda fa! Amma inda suka taɓa zama ƙarƙashin mace, wannan ragin babu shi. Ba wanda ya yi musu wa'azi, gani suka yi ido ya saba.

Na biyu, ko na uku ne, su kansu matan sun fi jinkirin cewa na isa in tsaya takara, sai an taya su... na'am, Hajiya?

Tana tambaya wai ba mazajensu ne ke mulkin a bayan fage ba. Akwai wannan Hajiya, ana kuka da shi a Indiya har yau. Amma binciken Duflo na 2004 ya nuna inda mace ke shugabanci kuɗi sun fi tafiya ga ruwan sha, abin da matan suka fi kai ƙorafi a kai, su ke ɗiba. Da mijin ne ke yanke komai, ai da kuɗin ba su canza hanya ba. Ga wani ya ɗaga hannu can baya, bismillah.